Daga Ɗaura Fim Zuwa Shanya Shi: Yadda Ake Aiki da Tsohuwar Kyamara

Wanda ya saba ɗaukar hoto da waya, abin da zai fara ɗaure masa kai a tsohuwar kyamara shi ne shirunta. Ka danna, ka ji ƙas, shi ke nan. Babu allon da za ka leƙa, babu mai ce maka hoto ya yi ko bai yi ba. Amsa tana nan naɗe cikin duhu, sai ranar da ka wanke fim ɗin za ka gan ta. Wannan jiran shi ne daɗin abin, shi ne kuma wahalarsa, domin kuskuren da ka yi yau sai bayan mako guda ko biyu zai bayyana, lokacin da ka riga ka manta yadda ka yi shi.

Saboda haka shawarata ta farko, wadda duk sauran bayanin nan ya rataya a kanta, ita ce: ka riƙe kyamara ɗaya, fim iri ɗaya, maganin wanki iri ɗaya, da ɗan littafin da za ka riƙa rubuta abin da ka yi. Ka zauna a kansu har ka wanke fim goma. In ka sauya abu uku a lokaci guda hoto ya lalace, ba za ka taɓa sanin mai laifi ba. In abu ɗaya ka sauya, nagetif, wato fim ɗin da ka wanke, da kansa zai nuna maka shi.

Abin da ke faruwa a cikin fim

Fim wata siririyar leda ce da aka shafa wa danƙo mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Duk ƙwayar da haske ya taɓa takan sauya, amma ido ba ya ganin sauyin. Maganin farko, dibelofa, shi ke mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa. Na ƙarshe, fiksa, shi ke narkar da waɗanda haske bai taɓa ba ya fitar da su, don kada su yi baƙi daga baya. Shi ya sa a nagetif komai a juye yake: sararin sama baƙi, inuwa garau. Ka riƙe wannan a ranka, da shi za ka gane kusan kowace matsala.

Zaɓen kyamara da duba lafiyarta

Fim ɗin da ya fi yawa shi ne mai faɗin milimita 35. Kyamarar Leica da Oskar Barnack ya tsara a Jamus, wadda ta shiga kasuwa a 1925, ita ta yaɗa shi, sannan Kodak ta fito da ƙaramin gwangwaninsa a 1934, wanda har yau shi ake amfani da shi. Kowane hoto milimita 24 ne da 36, gwangwani ɗaya kuma yana ba da hoto 24 ko 36. Akwai babban fim mai lamba 120, wanda ya girme shi, tun 1901 yake. Shi ne abincin irin su Rolleiflex da Yashica Mat masu ido biyu, yana ba da hoto 12 masu kusurwa huɗu daidai wa daida. Hotonsa ya fi tsabta, amma ɗaura shi da wanke shi sun fi wuya. Mai koyo ya fara da 35.

Ni na fi son kyamarar da ƙarfe da sifirin ke tafiyar da ita, wadda batir ba shi da aiki a cikinta sai kunna ma'aunin haske. Pentax K1000, da aka fara ƙerawa a 1976 aka ci gaba har 1997, irin wannan ce. Haka Olympus OM-1 ta 1972, da Minolta SR-T 101 ta 1966, da Nikon FM2 ta 1982. Batir ya mutu ko kada ya mutu, za su ɗauki hoto. Canon AE-1, ita ma ta 1976, kyamara ce mai kyau ƙwarai, sai dai in babu batir ko motsi ba ta yi. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai an tabbatar zumar ba ta lalace ba. Ga yadda ake dubawa.

Buɗe bayanta, ka ɗaga ta wajen haske, ka ja hannun naɗi ka danna. Fara da saurin sakan 1, ka saurara. Ya kamata labulen da ke tare haske a gaban fim ya buɗe, ka ji ɗan kukan sifirin, ya rufe cikin sakan guda. In ya tsaya yana jan ƙafa ko ya maƙale, man da ke ciki ya daskare. Bi sauran lambobin ɗaya bayan ɗaya har 1/1000, kowanne ya fi na bayansa sauri. Idan labulen na ƙyalle ne, haska tocila ta baya ka duba ko akwai ƙananan huji. Rana ce ke yin wannan ɓarna in aka bar wasu kyamarori suna kallonta babu murfi, domin gilashin yana tara zafinta wuri guda.

Sai ka shafa yatsa a gefen ƙofar baya, inda aka liƙa baƙin soso. Soson nan shi ke tare haske, kuma bayan shekara 40 yakan narke ya zama kamar kwalta. In ya manne maka a yatsa, sai an sauya shi. Aiki ne mai sauƙi: ka kankare tsohon da tsinken sakace da ɗan sifirit, ka yanka sabo ka liƙa. Kada wannan ya hana ka sayen kyamara mai lafiya.

Cire gilashin gaba ka haska tocila ta cikinsa. 'Yar ƙura ba komai ba ce, ba za ta fito a hoto ba. Abin gudu shi ne funfuna, wadda takan yi zare-zare kamar saƙar gizo, da hazo fari da ya lulluɓe gilashin. Juya zoben ƙofar haske ka ga ganyayen ciki suna tsukewa suna buɗewa ba tare da nawa ba, kuma babu maiƙo a jikinsu.

Maganar batir tana da tarko. Kyamarori da yawa na wancan zamani, har da OM-1 da SR-T 101, an yi su ne don batir mai sinadarin makuri mai ƙarfin bolt 1.35, wanda aka daina yi saboda gubarsa. In ka sa na yanzu mai 1.5, allurar za ta motsa, amma ƙarya za ta riƙa faɗa maka. Batirin na'urar taimaka wa ji, mai 1.4, ya fi kusa da na asali, sai dai ba ya daɗewa. Ko ka bar ma'aunin kyamarar gaba ɗaya ka sauke manhajar auna haske a waya. Mai K1000 kuma ya tuna ma'auninta ba shi da makunni: muddin murfi ba ya kan gilashi, batir na ci.

Fim

Fara da baƙi da fari mai lambar ISO 400. Ilford HP5 Plus na Ingila ko Kodak Tri-X na Amurka, wanda ya fito a wannan girma tun 1954, duk suna da haƙuri da kuskuren mai koyo. Lambar ISO tana nuna yadda fim yake jin haske: 400 yana buƙatar rubu'in hasken da 100 ke buƙata, amma hotonsa ya fi yashi-yashi. Ni wannan yashin ina son sa, yana daga cikin abin da ya raba hoton fim da na waya.

Kada ka fara da fim ɗin da wa'adinsa ya wuce, komai sha'awar da ya ba ka. Ba ka san zafin da ya sha ba, kuma zai rikita maka lissafi. Zafi da danshi su ne maƙiyan fim. In za ka ajiye shi ya daɗe, sa shi a firji cikin robarsa, in ka fito da shi ka bar shi awa biyu ya huce kafin ka buɗe, don kada raɓa ta kwanta a kansa. A filin jirgin sama kuma ka roƙi a duba shi da hannu, sababbin na'urorin binciken kaya suna iya ɓata shi a wucewa ɗaya.

Ɗaurawa

Yi wannan a inuwa. Ja ƙullin naɗewa da ke hagu sama, ƙofa za ta buɗe. Sa gwangwani, mayar da ƙullin ƙasa, ja harshen fim zuwa dama ka cusa shi cikin tsagar sandar da ke karɓa. Ja hannun naɗi sau ɗaya kana kallo, ka tabbatar haƙoran kyamara sun shiga hujin fim sama da ƙasa. Rufe ƙofa. Juya ƙullin hagu a hankali ta inda kibiya ta nuna har ka ji fim ya ɗan ɗaure. Yanzu danna ka ja sau biyu har lamba ta kai 1.

A nan ka sa ido sosai: duk lokacin da ka ja hannun naɗi, dole ƙullin hagu ya juya da kansa. In bai juya ba, fim bai kama ba. Na taɓa yin yini biyu ina ɗaukar hotunan da na ƙwallafa rai a kansu, lamba tana ta hawa, ashe harshen fim ya zame tun farko. Da na wanke, sai ga leda garau babu ko ɗigo. Abin ya yi mini ciwo, kuma tun daga ranar ban sake jan hannu ba tare da na kalli ƙullin nan ba.

Kafin ka tashi, saita lambar ISO a kan kyamara, ka yage murfin kwalin fim ka maƙala a bayanta don tuni.

Auna haske

Abu biyu kake sarrafawa. Na farko ƙofar haske, lambobin da ke kan zoben gilashi: 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Lamba na ƙaruwa, ƙofa na tsukewa, kuma kowace lamba rabin hasken ta bayanta take bari ya wuce. Na biyu saurin labule: 30, 60, 125, 250, 500, 1000, wato kashi ɗaya cikin wannan adadi na sakan. Shi ma kowane mataki rabi ne. Don haka in ka buɗe ƙofa mataki ɗaya ka ƙara sauri mataki ɗaya, hasken da ya isa fim bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne kamannin hoto. Buɗaɗɗiyar ƙofa kamar f/2 tana fito da fuskar mutum ta narkar da abin da ke bayansa. Tsukakkiya kamar f/11 tana fito da na kusa da na nesa duka. Sauri mai yawa yana tsayar da mai gudu cak, kaɗan kuma yana jan motsi ya zama kamar hayaƙi.

Akwai tsohuwar ƙa'ida da masu hoto suka daɗe da ita, wadda za ta fisshe ka ko babu ma'auni. In rana ta fito tar, inuwa tana da kaifi, sa f/16, saurin labule kuma lambar da ta fi kusa da ISO ɗin fim. Ga mai 400, 1/500 ke nan. In akwai ɗan gajimare, bakin inuwa ya yi laushi, f/11. In hadari ya rufe rana inuwa ta kusa ɓacewa, f/8. In babu inuwa sam, f/5.6. A ƙarƙashin inuwar gini ko dab da faɗuwar rana, f/4. Ina ba ka shawara ka riƙa yin wannan ƙiyasi da ka kafin ka duba ma'auni. Cikin 'yan makonni idonka zai fara karanta haske da kansa.

Shi ma'auni ba shi da wayo. Duk abin da ka nuna masa, ƙoƙarinsa ya mayar da shi ruwan toka. Nuna masa farin bango, zai ce ka rage haske, bango ya fito da dauɗa. Tsayar da mutum rana na bayansa, zai ruɗu da hasken sama, fuska ta fito baƙi ƙirin. Maganin wannan, matsa kusa ka auna fuskar ita kaɗai, ka saita, sannan ka ja baya ka ɗauka.

In kana kokwanto tsakanin lamba biyu, zaɓi wadda ta fi ba da haske. Nagetif yana jure wa haske ya yi masa yawa da mataki ɗaya ko biyu, amma inuwar da haske bai isa ba, babu maganin da zai fito da abin da ke cikinta, domin babu ƙwayar da aka taɓa. Wannan kishiyar ɗabi'ar kyamarar zamani ce, shi ya sa waɗanda suka saba da ita sukan yi wa fim rowar haske.

Da gilashin da aka rubuta milimita 50 a jikinsa, kada ka sauka ƙasa da 1/60 in da hannu ka riƙe. Manna gwiwar hannu a ƙirji, ka sauke numfashi, ka danna a hankali. Fim na farko kuwa kada ka kai shi wurin abin da ba ya maimaituwa. Gwaji ne. Ɗauki abu ɗaya da sauri daban-daban, ka rubuta lambar kowane hoto da saitinsa a littafi.

Da hannun naɗi ya cije, fim ya ƙare. Kada ka matsa, zai tsinke. Danna ɗan maɓallin sakin fim, wanda a yawancin kyamarori yake ƙarƙashinsu, ka juya ƙullin hagu har ka ji ya saki, sannan ka buɗe.

Kayan wanki

Wanke fim baƙi da fari ba ya bukatar ɗakin duhu. Abin da ake nema: tankin wanki da kwarkwaronsa da ake naɗa fim a kai, irin na Paterson ya fi yawa, baƙar jaka mai hannuwa biyu wadda haske ba ya ratsa ta, ma'aunin zafi, kofin awo uku, kowanne da sunan maganinsa a rubuce, almakashi, mabuɗin kwalba, agogo, maƙalan shanya biyu, safar hannu. Magani kuwa dibelofa, ruwan tsayarwa mai dakatar da aikin dibelofa, fiksa, da ruwan da ke hana tabon ɗigo.

Kodak D-76, wanda ya fito a 1927, da Ilford ID-11 kusan abu ɗaya ne. Gari ne da ake damawa da ruwan ɗumi, a dama ledar duka lokaci guda, a bar shi ya huce, a zuba a kwalba a cika ta har wuya a toshe. Haka yakan kai wata 6. Rodinal, wanda Agfa ta fitar a 1891, ruwa ne mai kauri da ke shekaru bai mutu ba, ya dace da wanda ba ya wanki a kai a kai, sai dai yana ƙara fito da yashin fim. Zaɓi ɗaya ka zauna a kansa. Kayan da ka auna magani da su kuma kada su sake komawa wani aiki, ka ajiye su inda yara ba sa kaiwa.

Naɗa fim a kwarkwaro

Nan ne wurin da ya fi kowanne wuya, don da hannu kawai ake yi, ido ba ya gani. Jan ƙwan da ake gani a ɗakin wankin hoto na takarda ne, fim kuwa kowane launi yana ƙona shi. Ka sadaukar da fim ɗaya, ka yi ta gwadawa a fili ido buɗe, sannan ido rufe, har hannunka ya haddace.

Kwarkwaro ya bushe ƙayau. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa fim ya cije a tsakiya. Zuba komai a jaka: tanki, bututun tsakiya, mazurari, kwarkwaro, almakashi, mabuɗi, gwangwanin fim. Cire agogon hannu in yana haske. Zuge jaka, cusa hannuwa har sama da gwiwa. Ɓalle murfin gwangwani, zaro fim, yanke siririn harshen ya zama daidai, ka ɗan rage kaifin kusurwoyinsa. Laluba 'yan kunnuwa biyu da ke bakin kwarkwaro, ka daidaita su, ka tura fim ƙarƙashinsu ya wuce ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Daga nan sai murzawa, gaba da baya, fim zai riƙa shiga da kansa. Riƙe shi ta gefe. In ya cije kada ka yi masa ƙarfi, lanƙwasa tana barin tabo kamar jinjirin wata. Raba kwarkwaron biyu ka sake daga farko. In hannunka ya fara gumi jaka ta yi danshi, jefa fim ɗin cikin tanki ka rufe, ka fito da hannu ka sha iska.

Da ka kai ƙarshe, yanke fim daga sandarsa, zura kwarkwaro a bututun tsakiya, sa a tanki, ɗaura mazurari har ka ji ya kulle. Kada ka manta bututun nan, shi ke hana haske shiga ta inda ake zuba magani. Yanzu kana iya buɗe jaka.

Wankin kansa

Abu uku ke mulki a nan: zafi, lokaci, girgiza. Zafin da aka gina lissafi a kai shi ne digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. HP5 Plus a cikin ID-11 tsantsa minti 7 da rabi ne; in aka haɗa maganin da ruwa rabi da rabi, minti 13. Na fi son na biyun, don tsawon lokacin yana sa kuskuren 'yan sakanni ba ya tasiri, kuma ana zubar da shi bayan amfani, kullum da sabo kake aiki. Tankin Paterson yana neman mililita 290 ga fim ɗaya, sai ka haɗa 150 na magani da 150 na ruwa.

In ruwanka ya fi digiri 20, tsoma kofunan cikin roba mai ruwa da ƙanƙara har su sauko. In ya ƙi sauka, rage lokaci da kusan kashi 10 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru. A digiri 24, minti 13 ɗin nan zai dawo wajen 8 da rabi zuwa 9. Kada dai lokaci ya gaza minti 5, wanki ba ya yin daidai. Sauran magunguna da ruwan ɗauraya su ma kada su yi nisa da zafin dibelofa fiye da digiri 5, domin sauyi na farat ɗaya yana iya yamutsa danƙon fim.

Jera kofuna uku bisa tsari, daga hagu zuwa dama. Kunna agogo, zuba dibelofa da sauri, rufe murfi. Kifa tanki ka ɗago sau 4 cikin sakan 10, a natse, ba jijjiga ba. Buga gindinsa a tebur sau biyu don kumfar da ta maƙale a fim ta tashi. Ajiye. A farkon kowane minti ka maimaita: kifawa 4, bugu 2. Saura sakan 10 lokaci ya cika, fara zubarwa.

Zuba ruwan tsayarwa, ka juya na sakan 10 zuwa 30, ka mayar da shi kwalbarsa. In ba ka da shi, ruwa zalla sau biyu yana yi. Sai fiksa: irin mai saurin aiki ana haɗa kashi 1 da ruwa kashi 4, minti 2 zuwa 5, da girgiza irin ta ɗazu. Ana sake amfani da shi sau da yawa, kuma ga yadda za ka san yana da rai: jefa guntun harshen fim da ka yanke a cikinsa, ka ƙirga lokacin da zai ɗauka ya yi garau. Ninki biyu na wannan shi ne mafi ƙarancin lokacin da fim ɗinka ke bukata. Ranar da lokacin ya ninka na sabo, ya gaji. Fiksa da ya gaji cike yake da azurfa, kada a tuttular da shi a magudana ko a ƙasa, a tara a jarka a kai inda ake karɓar sharar sinadari.

Bayan fiksa haske ba ya cutar da fim, amma daure ka gama ɗauraya. Hanyar da Ilford ke koyarwa ba ta cin ruwa: cika tanki, kifa sau 5, zubar, cika, kifa sau 10, zubar, cika, kifa sau 20, zubar. A ƙarshe sa fim cikin ruwa mai tsabta da ɗigon maganin hana tabo, kashi 1 cikin 200, na kamar rabin minti. Yawansa ma tabo yake bari.

Buɗe kwarkwaro, kama bakin fim ka ɗaga. Ganin farko da za ka yi wa 'yan hotunan nan jere a jiƙe, na tabbata ba za ka manta da shi ba. Maƙala shi a sama, ka rataya ɗaya maƙalin a ƙasa don ya miƙe. Banɗaki ya fi ko'ina, musamman in an ɗan saki ruwan zafi tururi ya kwantar da ƙura. Kashe fanka, rufe ƙofa, ka ba shi awa 2 zuwa 4. Jiƙaƙƙen fim laushi gare shi, farce ɗaya ya isa ya ja masa layin da ba ya gogewa, kuma ƙurar da ta bushe a jikinsa ta zauna ke nan. Da ya bushe, yanka shi hoto shida-shida ka zura a ledar ajiya, ka rubuta kwanan wata da magani da minti.

Karanta nagetif

Yanzu ɗauko littafinka, ka ɗaga fim wajen taga. Fara da gefensa, inda kamfani ya buga suna da lambobi. Rubutun nan tun a masana'anta aka haska shi, don haka shi ne shaidar wanki. In fim ya fito garau amma rubutun gefe na nan baƙi, wanki ya yi, laifin na kyamara ne ko ɗauri. In garau ne har rubutun babu, dibelofa ya mutu, ko fiksa ka fara zubawa. In baƙi ne duka har gefe, haske ya same shi.

In hoto ya fito fayau, inuwa babu komai a cikinta, rubutun gefe kuma da ƙarfinsa, haske ne bai isa ba. In akwai abu a inuwa amma komai ya yi sanyi, har rubutun gefe ya koɗe, wanki ne bai kai ba: ƙara lokaci ko ka binciki ma'aunin zafinka. In wuraren haske sun yi baƙi ƙirin kamar an shafa tawada, wanki ya wuce kima. Baƙin feshi da ya ratso daga gefe ya haye tsakanin hotuna, soso ne ke yoyon haske. Rabin hoto ya yi garau a sauri mai yawa kawai, labule ne ba ya tafiya daidai, sai mai gyara. Fari-fari kamar madara a tsakiyar fim, fiksa bai gama aiki ba, kuma wannan yana gyaruwa: mayar da shi cikin sabon fiksa ka sake ɗauraya. Ƙananan da'irori masu haske, kumfa ce, ka manta bugun tanki.

Duk abin da ka gano, gyara shi shi kaɗai a fim na gaba.

Idan hannu ya faɗa

Bayan fim goma kana iya gwada tura fim: ka saita HP5 Plus a 1600 don ɗaukar hoto a wuri mai ƙarancin haske, ka wanke shi minti 14 a ID-11 tsantsa maimakon 7 da rabi. Yashi zai ƙaru, inuwa ta yi duhu, amma za ka samu hoton da da ba zai samu ba. Fim ɗin duka ake turawa, ba rabi ba.

Mai kala ana wanke shi da tsarin C-41 da Kodak ta fitar a 1972. Matakansa ba su fi waɗannan wuya ba, zafi ne matsalarsa: digiri 37.8, minti 3 da sakan 15, kuma kaucewa kaɗan tana karkatar da launi. Sai ka tanadi babbar robar ruwan ɗumi da za ta riƙe kwalabe da tanki a wannan zafi daga farko har ƙarshe.

Mayar da nagetif hoto kuwa hanya biyu ce. Ta farko ta kwamfuta ce: ko ka sa shi a sikana mai fitila a murfi, ko ka shimfiɗa shi a kan farin allo mai haske ka ɗauke shi da kyamarar zamani mai gilashin ɗaukar abu na kusa, sannan ka juya launinsa a kwamfuta. Ta biyu ita ce ta asali: na'urar faɗaɗawa tana haska nagetif a kan takardar hoto, a tsoma takardar cikin faranti uku ƙarƙashin jan ƙwai, kana tsaye kana kallon hoto yana tasowa daga farar takarda. Kowacce ka bi, hure ƙurar nagetif da robar busa iska kafin ka fara, ka riƙe shi ta gefe, ɓangaren da ba ya sheƙi yana kallon ƙasa in a na'urar faɗaɗawa ne.